Mika'ilu Mai Wufa da Motar Surukinsa

A bakin Ƙofar Gayan, daura da masu faci, akwai wani shago da ba sai an yi maka kwatance ba, kunnenka ne zai kai ka. Tun daga nesa za ka ji ƙasa tana amsawa, dum, dum, dum, kwanukan mai kokon da ke gefe suna rawa a kan tebur, ita kuma tana jan Allah ya isa ƙasa-ƙasa. To, shagon Mika'ilu ke nan, wanda duk gari aka sani da Mika'ilu Mai Wufa. Dogo ne siriri, mai yawan sunkuyar da kai, bana shekararsa arba'in da ɗaya. In ka gan shi a sahun masallaci ba za ka taɓa cewa shi ne ke hana unguwa baccin rana ba.

Gidansu gidan allura ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Salisu, ya yi suna a ɗinkin manyan riguna, irin wanda ake wata uku a kan gaban riga ɗaya, kuma yayyen Mika'ilu su huɗu duk sun gaje shi. Shi kaɗai allura ta ƙi. In an ba shi zare sai ya cukurkuɗe, in an ba shi ƙyalle sai ya soke yatsa ya ɓata shi da jini. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya faki ido ya kwance rediyon Malam ɗai-ɗai a kan tabarma, wai yana son ganin inda mai labarai yake zama. Ya sha dukan da har yau in ya tuna sai ya shafa baya. Amma kafin la'asar ya mayar da komai mazauninsa, rediyo ta kama, har da wata tashar da a da ba ta kamawa. Malam ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Washegari ya kama hannunsa zuwa Sabon Gari, ya danƙa shi ga Oga Dickson, wani mutumin Wusasa mai gyaran rediyo da wayoyin mota.

Shekara bakwai ya yi a wurin. Oga Dickson ba ya duka, ba ya zagi, amma in ka ɗauki sukundireba ba ka karanta lambar da ke jikin kaya ba, sai ya karɓe ta ya miƙa maka tsintsiya har yamma. Karatun kuwa ba wani mai tsawo ba ne. Wufa ita ce babbar lasifikar nan da ake sawa a but ɗin mota, mai fitar da kaurin sauti, irin wanda ake ji a ƙirji. Amfilifaya ita ce akwatin ƙarfen da ke tura mata wuta. Jaki ne da kayansa, in kaya suka fi ƙarfin jaki, jakin ne zai durƙusa. Kowace wufa tana da lambarta da ake kira om, kowace amfilifaya kuma an rubuta mata lambar da ba ta yarda a sauka ƙasa da ita ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a nan ƙaramar lamba ita ce mai nauyi. In amfilifaya ta ce huɗu ka ɗora mata biyu, za ta yi ta zuƙar wuta tana zafi har ta ƙone kanta.

Da ya buɗe nasa shagon, wannan karatun ya riƙe, kuma da shi ya ci abinci. 'Yan jami'ar da ke Kongo sukan zo da motocin iyayensu, suna karkaɗa makulli, da kaya niƙi-niƙi a kwali. Sai ya juya kwalin, ya karanta, ya ce, "Wannan da wannan ba za su zauna tare ba. Ko ka canza ɗaya, ko ka gwada wani shagon." Wasu su yi tsaki su tafi, bayan sati biyu su dawo da abin a ƙone suna sosa ƙeya. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da amfilifayar da ya haɗa tana warin ƙuna ba. Ya san da haka, kuma yana ji da shi, ko da ba ya faɗa.

Mutum ɗaya ne a duniya Mika'ilu ba ya iya gaya wa komai, shi ne surukinsa, Alhaji Abdulwahab, mahaifin matarsa Tayyiba. Kunyar suruki kowa na yi, amma tasa ta wuce misali. Shekara goma sha uku da aure, bai taɓa shan ko ruwa a gaban Alhaji ba. Takalmi tun daga bakin lungu yake cire shi. In ya hango Alhaji tafe, sai ya tuna yana da wani uzuri a wani lungun daban. Shi kuwa Alhaji yana ƙaunarsa, a majalisar ƙofar gidansa ba ya kiransa da komai sai "surukina injiniya". Wannan matsayi Mika'ilu ya fi tattalinsa a kan shagon da duk abin da ke ciki.

Alhaji tsohon direba ne. Ya fara da manyan motoci, ya ƙare a wata ma'aikatar gwamnati, kuma da zai yi ritaya aka yi gwanjon farar Fijon da ya shekara goma sha biyar yana tuƙawa, ya saye ta. Tun daga ranar ba a cin gyaɗa a cikinta, ba a jingina da ita, ba mai wanke ta sai shi da hannunsa kowace safiya. Sai dai ƙarar inji ta shekara da shekaru ta cinye masa kunne. Duk mai son magana da shi sai ya matso ya ɗaga murya, har na ƙarshen lungu ya ji. Matarsa Hajiya Sa'ida tana yi, 'ya'yansa suna yi, abokansa suna yi har da zolaya. To, ina suruki zai iya? Saboda haka gaisuwarsu ta zama ta motsa baki, Mika'ilu ya durƙusa ya yi ƙus-ƙus, Alhaji ya ga ya gama ya ce, "Lafiya lau, madalla, a gaida yara."

Ana nan, wata Talata cikin bazara, da hantsi, sai ga farar Fijo ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji ya fito, abokan majalisarsa uku suka biyo shi. Mika'ilu ya yar da abin da ke hannunsa ya zube ƙasa. Alhaji ya buɗe but da kansa, sai ga manyan kwalaye biyu da ƙarami ɗaya, sababbi fil.

Mai ciwon kunne ba ya jin muryarsa, don haka da Alhaji ya fara bayani har masu faci suka dakata da aiki. Ya ce watan jiya ya biyo ta nan ana gwada motar wani yaro, sai ya ji wani abu ya dake shi a ƙirji. Ya tsaya, ya dafa motar, ashe ganga ce. "Shekara tara rabona da jin kiɗa," in ji shi. "Duk kaset-kaset ɗina na kalangu jikoki sun zuba mini a memori, ina kallonsu kawai." Bai so ya ɗora wa surukinsa nauyin saye ba, shi ya sa ya tafi Sabon Gari shagon amininsa Alhaji Zailani, ya zaɓi wufa mafi girma guda biyu, da amfilifayar da ta fi ƙyalli. Zailanin ma ya ce masa ya fara tambayar mai haɗawa ko sun dace, shi kuma ya ce ai injiniya a gidansa yake.

"To, duba," ya ce, yana washe baki. "Na iya zaɓe ko ban iya ba? Sun yi?"

Mika'ilu ya juya kwalayen, kallo ɗaya ya ishe shi. Wufa kowace om huɗu, manya masu cin wuta. Amfilifayar kuwa 'yar ƙarama ce, an cika kwalinta da manyan lambobi, amma a ƙasa da ƙananan baƙi an rubuta kada a sauka ƙasa da huɗu. Wufa ɗaya matsakaiciya ce daidai ita.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, ai amfilifayar ta ɗan yi ƙanƙanta."

"Me?"

"Na ce ta ɗan..."

"Ɗaga murya mana, ban ji ba!"

Dattawa uku suka zuba masa ido. Masu faci suka zuba masa ido, har mai koko ta juyo. Abin da ya rage shi ne ya miƙe, ya kai baki kunnen surukinsa, ya kwarara masa a bainar jama'a cewa bai iya saye ba. Mika'ilu ya ɗago kaɗan, ya gyaɗa kai sau biyu, ya motsa baki yadda za a iya karantawa, "Sun yi, Baba."

Haba Mika'ilu! Za ka ce me ya hana shi rubutawa a takarda, ko ya ja ɗaya daga dattawan gefe? Duk ya yi tunaninsu daga baya, lokacin da ba su da amfani. A ranar dai abin da ya raya masa shi ne zai san dabarar da zai yi, ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Dabarar kuwa akwai ta. In aka jera wufa biyu, wuta ta bi ta ɗaya ta wuce ɗaya, lambarsu takan hau takwas, amfilifaya ta huta, sai dai sauti ya ragu. Haka ya yi, dattawa na zaune a benci suna hira. Da ya gama, Alhaji ya shiga ya zauna, ya gyara hula, aka sa memori, aka murɗa har ƙarshe. Kalangu ya tashi, kowa na ji. Alhaji ya jira, ya jira, sai ya leƙo ta taga.

"An kunna?"

Ɗaya daga dattawan ya kwashe da dariya ya ce, "Af, Alhaji, yau injiniyan naka ya gamu da gamonsa." Alhaji bai ji ba, amma ya ga dariyar, fuskarsa ta sauka. Wannan fuskar ce Mika'ilu ya kasa jurewa. Ya koma but, ya kwance abin da ya haɗa, ya tara wayoyin wufa biyun a baki ɗaya. Yin haka yakan sauko da lamba biyu, kuma ya fi kowa sanin abin da biyu ke nufi ga wannan akwatin. Duk da haka ya ɗaure.

Da aka sake kunnawa sai da gilashin motar ya kaɗa. Alhaji ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can sai kafaɗarsa ta fara motsi, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, sai ga hawaye yana bin gemu. Ya fito ya dafa kan Mika'ilu, abin da bai taɓa yi ba, ya yi ta sa masa albarka da ƙarfi har ya haɗa da iyayensa da ke kabari. Mika'ilu na durƙushe yana amin, amin, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari motar ta dawo, kiɗa ya ɗauke. Fiyus ne ya tsinke, wato ɗan siririn ƙarfen nan da ake sawa kusa da batir, wanda in wuta ta yi yawa yake narkewa don kada waya ta kama. Aikinsa ya yi. Mika'ilu ya sa sabo. Ran Alhamis sau biyu Alhaji ya zo.

Ran nan da Mika'ilu ya koma gida cin abincin rana ya kasa ci, Tayyiba ta tsare shi sai da ya faɗa mata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Yanzu Baban Radiya, a kan wannan kake rama? Bari in sa mayafi in je. Ni ai 'yarsa ce, kullum ihu nake masa."

Ya ce a'a. Bayan ya ce sun yi a gaban mutane, an sa masa albarka a gaban mutane, da wane ido za a koma a ce ƙarya ya yi? Ya riga ya yi waya Kano, akwai babbar amfilifayar da ta dace, direba zai kawo ta ran Litinin. Zai karɓi motar da sunan dubawa, ya musanya, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ta dube shi ta ce, "Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa." Amma ta bar maganar, tunda ya hana.

Ran Juma'a da safe Alhaji ya sake zuwa, wannan karon ba dariya. Ya ce gobe akwai ɗaurin aure a wajen Kongo, zai ɗauki abokansa, ba ya son abin nan ya ba shi kunya a hanya. Sai ya ƙara da cewa, kuma ba da mugun nufi ba, "In abin ya gagara ne ka faɗa, akwai wani yaro a Tudun Wada, sai in kai masa ya gani."

Maganar ta soki Mika'ilu har ƙashi. Kuma ya san duk wanda ya buɗe but ɗin nan, minti ɗaya ya ishe shi ya gane abin da aka yi. Ya buɗe gaban mota, ya juya wa titi baya, ya zare fiyus ɗin da ya tsinke, ya feɗe 'yar wayar tagulla ya naɗe a gurbinsa. Aikin da in ya ga wani ya yi yakan ce wannan ba makanike ba ne, mai kisan kai ne. Ya ɗan rage ƙarfin amfilifayar don ya lallashi zuciyarsa, ya ce a ransa kwana uku ne kacal, Allah na nan.

Allah na nan, amma waya ba ta san kwana uku ba. Ran Asabar, rana na tsakiya, Alhaji ya sauke abokansa ya kamo hanyar gida shi kaɗai, kiɗa a ƙure tun safe. Daidai Tukur-Tukur hayaƙi ya fara fita daga but. 'Yan acaɓa suka yi ta hon, masu shago suka fito suna ihu, "Wuta! Alhaji, wuta!" Shi kuwa yana gaba yana kaɗa kafaɗa. Sai da wani ɗan acaɓa ya sha gabansa ya gindaya babur sannan ya taka birki. Da ya ga abin da ake nuna masa, maimakon ya ja baya sai ya ruga ya ɗaga but, iska ta shiga, wuta ta yi sama ta lashe masa hannun dama. Aka janye shi da ƙarfi. Aka yi ta watsa ƙasa da ruwan omo, Allah ya taimaka tanki bai fashe ba, amma kafin a ci ƙarfinta ta cinye kujeru da rufi, farar mota ta koma baƙa ƙirin.

Da labari ya iske Mika'ilu, ko shago bai rufe ba. Ya tarar da taro, Alhaji na zaune a bencin wani mai kanti, an naɗe masa hannu da tsumma, yana kallon motar bai ko ƙifta ido. Mika'ilu ya zagaya gaba kamar mai duba ɓarna. Wayar tagullarsa na nan inda ya naɗe ta, ko gezau. Ya waiga, ya zare ta, ya sa a aljihu. Wannan ma ya yi, kuma da sani ya yi.

Wani a cikin taron ya ce, "Ai aikin masu haɗa wufar nan ne, sai a hankali." Wani ya kai maganar kunnen Alhaji. Nan take Alhaji ya miƙe, da hannun a naɗe, ya ce, "Kada wanda ya kuskura ya taɓa mini yaron nan! Shekara nawa yana aiki, motar wa ya taɓa ƙonawa? Ni na tambaye shi da bakina, ya ce kaya sun yi. In akwai cuta, a cikin akwatin take. Zailani ne ya sayar mini da jabu!" Jama'a suka ce haka ne, jabu ya cika kasuwa. Mika'ilu na tsaye, hannu a aljihu, yana damƙe da wayar.

Ran Litinin abu biyu suka faru. Direba ya kawo amfilifayar Kano, Mika'ilu ya tura ta ƙarƙashin tebur ko kwalin bai buɗe ba. Alhaji kuma ya hau keken haya ya tafi Sabon Gari, ya tsaya a ƙofar shagon Alhaji Zailani, ya wanke shi tas a gaban 'ya'yansa da maƙwabta da masu ciniki, da muryar nan tasa da ba ta da maɓoya. Ya kira shi macuci, ya kira shi mai cin amana. Mutanen da suka yi shekara arba'in tare, tun Zailani na sayar da batir a faranti a tasha, Alhaji na yaron mota.

Kwana biyar Mika'ilu yana yawo da abin a ciki. Mutane na zuwa yi masa jaje, suna yaba yadda surukinsa ya tsaya masa, yana cewa an gode. Tayyiba ba ta san zancen tagulla ba, amma abin da ta sani ya ishe ta. Da ta dawo daga duba hannun mahaifinta ta ce, "Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba, tunda ba ka ba ni izini ba. Amma ka sani yau na kasa kallon idon Baba." Ta shige ɗaki.

Ran Alhamis bayan azahar wani dattijo gajere mai farin gilashi ya yi sallama a shago. Alhaji Zailani ne. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce, "Malam Mika'ilu, ni sayarwa na iya, ban iya waya ba. Kai ka iya, kuma kai ka buɗe kwalayen. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, jabu na sayar wa Abdulwahab? In jabu ne, ina da sauransu guda shida, yau zan fasa su, kada in cuci wani."

Mika'ilu ya dubi tsohon, ya ga idonsa ya faɗa. Ya ce, "Ba jabu ba ne, Baba."

"To," in ji Alhaji Zailani. Ya gyaɗa kai ya juya.

Ana idar da la'asar Mika'ilu ya rufe shago ya nufi cikin gari. Duk hanya yana roƙon Allah ya sa ya sami Alhaji shi kaɗai. Ina! Majalisa cike take, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, don ana ta zuwa dubiya. Alhaji na kan kujerarsa a bakin zaure, hannu a bandeji, wurin da motar ke kwana fayau ba komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Mika'ilu ya cire takalmi, ya ratsa, ya durƙusa. Ya yi ƙus-ƙus ɗinsa, Alhaji ya ce, "Lafiya lau, madalla, a gaida yara." Amma Mika'ilu bai tashi ba.

"Baba, magana ce da ni."

Alhaji ya ga baki na motsi ya ce, "Me?"

"Kayan nan ba jabu ba ne."

"Matso. Ɗaga murya."

Ya matso a kan gwiwa har ya ji ƙanshin turaren rigar Alhaji. Ya rufe ido, ya ja numfashi, ya saki murya.

"Baba! Kayan Alhaji Zailani ba jabu ba ne! Ba su dace da juna ba ne kawai! Tun Talatar da ka kawo su na sani, na ce maka sun yi!"

Hira ta tsaya cak. A cikin gida an ji taɓarya ta daina sauka. Mai tallan rake a bakin lungu ya tsaya da baro ya juyo.

"Fiyus ɗin da ke tsinkewa gargaɗi yake yi! Ni na cire shi na ɗaure da waya! Ga ta nan, na ɗauke ta ranar gobara don kada a gani! Ni na ƙona motar, Baba, ni na ƙona maka hannu!"

Ya ajiye 'yar tagullar a kan tabarma. Gumi ya jiƙa masa riga, kunya ta rufe shi har bai san ko a zaune yake ko a tsaye ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. Da ya buɗe baki kuwa, ba a taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba tun da kunnensa ya tafi.

"Ashe kana da murya, Mika'ilu."

Ya sake cewa, "Ni kurma ne, ba yaro ba ne. Da ka kwatsa mini ita ran Talata, da na ji kunyar minti biyar, waɗannan su yi mini dariya, mu koma mu canza. Mota ƙarfe ce, na yafe. Hannu zai warke. Amma kana tsaye ka bar ni na je na ci mutuncin Zailani a gaban 'ya'yan cikinsa. Wannan ba ni zan yafe ba, ba nawa ba ne."

Ya laluba da hannun hagu ya ɗauki hularsa. Wani ya ce ya bari sai gobe, rana ta yi sanyi. Bai ji ba, ko kuma ya ƙi ji. Ya zura takalmi, ya bi lungu a ƙafa zuwa bakin titi neman keken da zai kai shi Sabon Gari, dattawa biyu suka bi bayansa. Sauran suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kau da kai don kada su haɗa ido da shi.

Mika'ilu na nan durƙushe gaban kujerar da ba kowa a kanta. Ba wanda ya ce masa ya tashi.